Littafin da Ba a Kiran Sunansa

A garinmu Ottilia, can tsakiyar gonakin masara na Minnesota, idan mai jifa ya kai zagaye na biyar ko na shida a wasan besbol ba wanda ya doki ƙwallonsa ya tsira, sai kowa ya kama bakinsa. Abokan wasansa su matsa gefe guda na benci su bar shi shi kaɗai kamar mai ƙyanda. Mai shela a lasifika ya koma zancen tsiran alade da ake gasawa a bayan rumfa. Uwar yaron ma ta duƙufa cikin jakarta tana neman abin da bai ɓata ba. Duk wanda ya kuskura ya ce "kun lura kuwa?" to shi ya ɓata wasan, kuma da wannan za a riƙa tuna shi har bayan ransa. Wankakken wasa muke ce masa, amma sai an tashi.

Irin wannan shirun muka yi wa littafin Farfesa Alcuin Terhaar shekara ashirin da ɗoriya. Akwai yaran da aka haifa har suka yi aure ba su taɓa jin an ambaci littafin da babbar murya ba, alhali kowa ya san yana nan jibge a kan teburin cin abincin gidansa.

Alcuin ɗan mai kantin maganin garin ne. Tun yana ƙarami tabarau ya cinye masa rabin fuska. Idan ana raba yara gida biyu a filin makaranta, a kansa ake gardama, kowane ɓangare na rantsuwa cewa ɗayan ne bai cika ba. Wanda ya sha kaye a gardamar sai ya tura shi can bakin shinge, inda ƙwallo ba ya zuwa sai bisa kuskure. Da ya gama sakandare ya bar garin, ya yi karatu har ya zama dakta a kan tarihin jigilar hatsi ta jirgin ƙasa, ya sami koyarwa a wata kwaleji da ba ta da nisa, ya dawo ya auri Rosalia, 'yar marigayi Matthias da ya daɗe yana kocin ƙungiyar garin. Masu tsawon harshe suka ce iyakar kusancin da zai iya yi da benci ke nan.

Ashe ba su san shi ba. Yana dab da hamsin ya sanar cewa zai rubuta tarihin ƙungiyarmu tun daga farkonta, ya sayi rakoda.

A ba shi haƙƙinsa, ya iya aikin. Ya ƙone idanunsa a ɗakin ƙasa na laburaren gunduma yana juya tsofaffin jaridu a inji. Ya bi maƙabarta da goga yana kankare gansakuka daga duwatsu don ya tabbatar da shekarun haihuwa. Ya hau saman rufin gidajen mutane ya sauko da rigunan wasa da asu ya ci. Shi ya gano cewa shekarar da aka rubuta da fenti a jikin shingen filinmu ba daidai ba ce, ƙungiyar ta girmi hakan, kuma wani limamin coci na wancan zamani ya taɓa hana wasan Lahadi har sai da aka sa ɗan ƙanensa a ciki. Babi bayan babi ya hau teburin nan, har Rosalia ta koma karɓar baƙi a kicin.

Ladan da ya samu kuwa ba daga kwaleji ya fito ba. A shagon kofi na Dolores akwai teburin da ke jikin taga, wanda ba ya zamuwa ga kowa sai wanda ya taɓa sa rigar ƙungiyar. Mai banki ma a tsaye yake gaisawa ya wuce. Alcuin ya ajiye rakodarsa a tsakiyar teburin nan wata safiya, ya ja kujera don ya kula da ita, kuma bai sake tashi ba. Ran Lahadi haka nan ya shige rumfar 'yan wasa ya zauna a ƙarshen benci, wai don ya ji yadda ake magana a ciki. Ba wanda ya kore shi. Ana yi masa ladabi, ana ce masa Farfesa, ana tambayarsa ko iska ba ta dame shi ba.

Babi ɗaya ne ya gagara, na wasan ƙarshe na 1961, lokacin da muka ɗauki kofi a hannun mutanen Rothbach. Ranar mai jifanmu Leander Buermann ya yi wankakken wasa, guda ɗaya tilo da garin ya taɓa gani a wasan ƙarshe. Mutumin ƙarshe na Rothbach ya doki ƙwallo ya tashi sama ya nufi bayan fili, wajen da rana ke faɗuwa. Rabin 'yan kallo sun rufe ido don tsoro, sauran rana ta kashe musu nasu. Wani daga cikin namu ya cafe kafin ya taɓa ƙasa, da haka wasa ya ƙare. Kafin a tantance ko wane ne, kowa ya ruga an danne Leander a kan tudun jifa. Wakilin jaridar gunduma kuwa tuni ya tafi tatsar shanunsa, washegari ya buga sakamakon a layi biyu.

Mutum biyar suka shaida wa rakodar Alcuin cewa su suka cafe ƙwallon. Kowannensu a falonsa ya faɗa, bayan ya leƙa ya ga matarsa ta fita, kuma kowanne da bayaninsa har da yadda ƙwallon ya ji a tafin hannu. Amma a teburin Dolores ba mai cewa shi ne, don a Ottilia namiji ba ya yabon kansa a gaban maza. Idan zancen ya taso sai wannan ya ce ai wane ne, wane ya ce ina shi ina wannan, ai shi ranar ƙafarsa ma ciwo take. Leander kuma duk lokacin da aka tambaye shi sai ya ce shi jifa aka sa shi, ba kallo ba.

Da farko mutane na tambayar Alcuin yaushe littafin zai fito, shi kuma yana cewa hujja yake jira. Wata rana mai gidan mai ya yi tambayar a gaban teburin, Leander ya ɗago daga kofinsa ya ce a ƙyale mutumin nan, yana cikin zagaye na bakwai. Aka yi dariya. Amma washegari ba wanda ya tambaya, haka jibi, har wasan ya daskare ya zama doka. Alcuin bai yi dariya ba ranar. Kunnuwansa ne suka yi ja. Karo na farko ke nan a rayuwarsa da aka yi masa abin da ake yi wa ɗan wasa.

Hujjar da yake jira kuwa, duk mun san kamanninta. Takan zo ne a cikin akwati, da furanni a kai, a ci dankali da nama a zauren coci bayan an dawo daga maƙabarta. Uku daga cikin biyar ɗin suka tafi ɗaya bayan ɗaya, kuma kowane da hannun Alcuin a jikin akwatinsa, yana kuka na gaskiya, don yana son su. Saura Urban Kuechle da Cletus Welle. Su ma ba yara ba ne, sun gane lissafin: wanda ya binne ɗan'uwansa shi ya cafe ƙwallon. Urban ya bar taba bayan ya shekara sittin yana sha. Cletus ya fara zagaya fili kowace safiya da sanduna biyu, ko da dusar ƙanƙara ta kai gwiwa. A teburi kowa idonsa na kan farantin ɗayan.

"Ƙara man shanu mana, Urban," in ji Cletus. "Duk ka bushe kwana biyun nan."

"Kai dai ci, tsoho. Jiya na ga sai da ka huta a tsakiyar matakalar coci."

"Takalmina nake ɗaurewa."

"Takalmin da ba shi da igiya?"

Likitan garin ya taɓa cewa bai san maganin da ya kai littafin nan aiki ba.

Idan ka tambayi Alcuin, da za a iya tambayarsa, zai ce maka masanin tarihi ba ya rubuta abin da bai tabbatar ba, kuma ya yarda da hakan har zuciyarsa. Sai dai akwai abin da ke ƙarƙashin wannan. In ya rubuta Urban, Cletus zai janye kujerarsa, in ya rubuta Cletus, Urban ne zai janye. Ko da ma mutuwa ta raba gardamar, littafin ya fito da bango mai sheƙi, me zai ajiye a tsakiyar teburin washegari? Mutanen da ke wurin kowa da shaidarsa a jiki, wannan gwiwa ta lalace, wancan yatsu sun karkace kamar saiwar bishiya. Yatsun Alcuin miƙaƙƙu ne, farare, ba abin da suka taɓa cafewa sai alli. Rakodar ce kaɗai ta zaunar da shi, kuma rakoda ba ta da aiki a kan littafin da aka gama.

Mutum ɗaya ce shirun bai yi wa rana ba. Rosalia ta tashi a gidan koci, ta san dokar tun kafin ta san addu'ar cin abinci, saboda haka ko a ɗakin kwananta ba ta iya furta kalmar littafi. Gwiwoyinta sun soma ƙin sanyi. Yayarta na Arizona tana kiranta a waya tana ba ta labarin lemon da ke zuba a bayan gida ba mai tsinta. Alcuin ya yi mata alkawari tun da daɗewa cewa za su koma can idan an gama, kuma ba ta da ikon tambayar gama me. Ta zuba ido tana kallon Cletus yana wucewa ta ƙofarta da sandunansa, kullum ƙara lafiya yake.

Ana cikin haka aka kawo mana sabon limami, Fada Kuriakose, mutumin Kerala ta ƙasar Indiya. Mutum ne mai fara'a, mai son kurket, wanda a ganinsa besbol kurket ne da aka gajarta saboda marasa haƙuri. Rosalia ce ke shirya furannin bagade kowace Asabar, shi kuma yakan tsaya ya riƙe mata almakashi suna hira.

Ran wata Lahadi a farkon damina, a wajen addu'ar jama'a, Fada ya roƙa wa marasa lafiya sauƙi, muka amsa. Ya roƙa wa manoma ruwa daidai misali, muka amsa. Sai ya ɗago yana murmushi ya ce a yi addu'a domin ɗan'uwanmu Farfesa Terhaar, wanda littafinsa na tarihin ƙungiyarmu saura babi ɗaya tak ya kammala, Allah ya sa a gama shi a bana.

Coci cike, amma murya biyu ce ta amsa. Ɗaya ta wani baƙo ne da ya zo bikin suna, ɗayar ta Rosalia, a fili, ba rawa. Alcuin na gefenta ya ƙura wa bayan kujerar gabansa ido.

A bakin ƙofa bayan an tashi, Urban ya riƙe hannun Fada ya ƙi saki. Fada ya ga fuskoki ba yadda ya saba ganinsu ba, ya tambaya ko ya faɗi sunan ba daidai ba. Aka ce a'a, sunan daidai yake. Ya ce to ai addu'a ce kawai.

"Ita ce matsalar, Fada," in ji Urban. "Da zagi ne da da sauƙi."

Litinin Alcuin bai zo shagon Dolores ba, haka sauran makon. Tunda an riga an ɓata, bakin kowa ya buɗe, kuma tambayoyin shekara ashirin ne a cikinsa. Mai gidan mai ya tambaya, mai kawo wasiƙa ya tambaya, wata tsohuwa ta tare shi a kanti tana so ta san ko an sa mijinta kuma a wane shafi. Ya daina fita. Ya zauna a gaban babin ƙarshe, Rosalia na kawo masa kofi a kai a kai tana tafiya da sanɗa. A nata lissafin, mutumin da aka cire wa mafaka dole ya ƙarasa. Kuma ya gwada. Ta faɗa wa mahaifiyata cewa da safe Urban ne ke cafe ƙwallon, bayan abincin rana Cletus, kafin yamma kuma kwandon shara ya cafe su duka.

Wata safiya muka ga Leander ya fito daga gidansa da hular ƙungiya a ka. Ya haura tamanin, amma ya bar sandarsa a gida, ya zuba hannuwa a aljihun baya, yana tsallaka titi a hankali, kansa a ƙasa. Duk wanda ya tashi a garin nan ya san tafiyar. Ita ce ta koci idan ya nufi tudun jifa zai cire mai jifan da ya gaji. Koci ya miƙa hannu, mai jifa ya sa masa ƙwallo a ciki, ba gardama, ko da yana ganin da sauran ƙarfinsa. Urban da Cletus suka biyo shi a baya, suka tsaya a bakin ƙofar ɗakin cin abincin suna kallon silin.

"Yaya hannun, Farfesa?" in ji Leander.

"Saura babi ɗaya, Leander."

"Na ji a coci. Ba abin da na tambaye ka ke nan ba." Ya dubi tarin takardun, ya gyaɗa kai. "Ka yi jifa mai kyau. Ban taɓa ganin wanda ya kai nan ba. Kuma ba laifinka ba ne, magana aka yi. Kawo ƙwallon."

Rosalia ta fito daga kicin da tsumma a hannu ta ce wannan fa littafi ne, ba wasa ba, aikin rayuwar mutum ne, ba wanda zai shigo mata gida ya ɗauka.

"Rosie, ke 'yar Matthias ce," in ji Leander, ko juyowa bai yi ba. "Da yana raye shi zai yi wannan tafiyar, ba ni ba. Kuma da kafin ya fita sai ya tambayi wanda ya koya wa Fada ƙirgen babi."

Ta ja da baya zuwa bakin ƙofar kicin da tsummanta.

Nan ne ya kamata masanin tarihi ya miƙe ya ce a'a. Takardun nan akwai sunayen mutane a ciki da ba wanda zai sake tono su, akwai muryoyin matattu a kaset-kaset, akwai idanunsa da ya ƙone. Alcuin ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya shiga ɗakin da ke gefe. Sai ga shi da kwali, ya koma ya fito da wani. Abin da Rosalia ta lura da shi, kuma har yau shi ke cinta, kwalayen kaset ɗin duk a ɗaure suke da igiya, an rubuta shekaru a jikin kowanne da kyakkyawan rubutu, kamar kayan matafiyin da ya san lokacin zuwan mota. Ba ta san ko shi ya kira Leander a waya ba. Ba ta tambaya ba, shi ma bai tambaye ta zancen furanni ba.

Urban da Cletus suka yi ta jigila zuwa garejin Leander, kowa na ƙoƙarin ɗaukar kwalin da ya fi nauyi don ɗayan ya gani. Ba wanda ya koma wa taba ko ya ajiye sanduna a cikinsu, don yanzu kayan na hannun Leander, kuma ba wanda ya yarda Leander zai bar babin ƙarshen ya kwanta.

Lahadin da ta biyo muna da wasa a gida. Alcuin ya zo a makare, ba rakoda, hannuwansa na lilo bai san inda zai sa su ba. Ya tsaya a bakin shinge yana duban kujerun 'yan kallo, yana neman inda mutum irinsa ke zama. Dolores ce ta fara miƙewa. Sai layin bayanta, sai duk rumfar, ana tafi irin wanda ake yi wa mai jifan da aka cire bayan ya kusa. Har 'yan ƙungiyar baƙi suka cire huluna ba su san dalili ba. Fada Kuriakose ya fi kowa tafi, don a zatonsa littafin ne ya fito. Rosalia ta zauna daram da jakarta a cinya, sai can da ta ga ita kaɗai ce a zaune ta tashi.

Alcuin ya taɓa bakin hularsa kamar yadda ya sha gani ana yi, ya gangara rumfar 'yan wasa ya nufi ƙarshen benci. Cletus ya tare shi da ƙafa, ya matsa, ya buɗe masa wuri tsakaninsa da Urban. Ya zuba masa gasassun 'ya'yan furen rana a tafi, irin waɗanda 'yan wasa ke fasawa da haƙori su tofar da ɓawon can gaba. Alcuin ya watsa a baki, ya tauna, ya tattara ƙarfinsa ya tofa. Ɓawon ya sauka a kan takalminsa.

Urban ya duba takalmin, ya dubi Cletus.

"Dubi wannan sakaran," ya ce. "Shekara ashirin yana zaune a nan da digiri uku, ko tofi bai koya ba."

Alcuin ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa don dariya, ya miƙa hannu a ƙara masa.